Gorar da Ban Ɗaga Ba

Shekarun baya, ina aji biyar na sakandare a Gwarzo, na faɗa wa malaminmu wata magana wadda ba gaskiya ba ce, kuma saura kaɗan ta yi sanadin ran abokina. Na daɗe ina son in ba ku wannan labari, amma ina tsoron kada in ƙara ko in rage. Saboda haka kafin in zauna rubutu sai da na kira shi abokin nawa, muka bi abin daki-daki. Inda muka saɓa zan nuna muku, domin kada in ɗora masa abin da bai yarda da shi ba.

A lokacin ina cikin ƙungiyar 'yan sikawut ta makarantarmu. Mai kula da mu malamin labarin ƙasa ne, siririn mutum mai sanyin murya, wanda ban taɓa jin ya daka wa yaro tsawa ba. Abin da yake bukata a wurinmu ba shi da yawa: ka zo a kan lokaci, ka zo da kayanka cikakku, kada ka rabu da abokin tafiyarka, kuma kada ka ce ka yi abin da ba ka yi ba. Kayan su ne riga da wando na kaki, da hula, da hankicin wuya, da takalmi sau-ciki wanda ya saba da ƙafarka, da sanda, da igiya, da usur, da gorar ruwa. Kowane rukuni kuma yana riƙe da 'yar jakar agaji, mai ɗauke da bandeji da auduga da ƙullin gishiri da sukari. Yawancinmu mun ɗauki waɗannan kaya a matsayin ado. Ni kaina abin da ya ja ni ƙungiyar shi ne yadda hankicin yake zama a wuya ranar fareti.

Akwai dokar da Malam ya fi nanatawa, ita ce ta duba kaya kafin kowace tafiya. Mai duba ba ya tsayawa a kallo. Zai ɗaga gorar kowane yaro da hannunsa, ya jijjiga ta ya ji ruwa, sannan ya dube shi ido cikin ido ya tambaye shi abu uku: ko ya karya kumallo, ko akwai inda ke masa ciwo, ko yana azumi. Wanda ke azumi ko ba shi da lafiya ba ya bin doguwar tafiya, ko ɗan waye shi. Dalilin ɗaga gora kuwa, gorunanmu suna da riga ta ƙyallen kaki, ba a ganin abin da ke ciki.

Ni aka ɗora wa wannan aiki a rukuninmu na mutum takwas, kuma na riƙe shi da zafi fiye da yadda aka nema. Ina da ɗan littafi a aljihu. Na taɓa mayar da yaro gida saboda igiyarsa ta gaza tsawon da aka faɗa da abin da bai kai taki ɗaya ba. Wannan ne ya sa suka laƙaba mini Sufeto, kuma in faɗi gaskiya, sunan ya yi mini daɗi.

Abokin nawa ɗan Kabo ne, yana zaune a gidan kawunsa a Gwarzo saboda makaranta. Ya girme ni da shekara biyu. Shi ya kai ni ƙungiyar, shi ya koya mini ƙullin igiya, shi ne kuma ya tare mini wasu manyan ɗalibai da suka sa ni gaba ina sabon shiga. Kakanninsa makiyaya ne, kuma yana alfahari da haka. Yakan ce shi tafiya gado ya yi, mu kuwa koyo muke. Ba ƙarya yake ba, ban taɓa ganin ya gaji ba.

Tafiyar da nake magana a kanta an shirya ta ne cikin watan Sha'aban, wanda a shekarar ya faɗo tsakiyar bazara. Za mu tashi daga makaranta da sassafe, mu bi hanyar gonaki zuwa wani fili a wajen Lakwaya, mu huta har rana ta yi sanyi, sannan mota ta dawo da mu. Sau ɗaya ake yinta a shekara, kuma sai wanda ya kammala ta yake samun lambar da ke ba shi damar zuwa zangon da ake haɗuwa da sauran makarantu. Abokina yana ajin ƙarshe, wannan ce damarsa ta ƙarshe.

Da asuba ina haɗa kaya sai mahaifiyata ta miƙo mini wata babbar robar ruwa, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ta ɗaure da zare. Na dubi robar, na dubi kakina da na kwana ina gogewa.

Na ce, "Inna, wannan ba ta cikin jerin kayan da aka rubuta mana."

Ta ce, "Ita ranar an rubuta mata jerin? Karɓi nan."

"Ina da gora, Inna. Dariya za a yi mini."

"In sun gama dariyar su zo su sha. Sa ta a jaka."

Na sa ta a ƙasan jaka, na danne da tabarmar salla, ina ƙunƙuni a zuci.

A filin makaranta muka yi layi. Na bi yara shida ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga gora, ina jijjigawa, ina tambaya. Da na iso kan abokina sai ya ɗan ja da baya, ya dafe gorarsa da ke rataye a ƙugu, yana murmushi.

"Sufeto, har da ni? Ni da na koya maka yadda ake ɗaura wannan hankicin?"

Yara suka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Caje shi, Sufeto, doka ba ta san babba ba." Wani kuma ya ce, "Bar shi, raƙumi ne, ba ya shan ruwa."

Kunya ta kama ni. A gidanmu ba a tasa babba a gaba da tambaya, balle a sa hannu a kayansa a bainar jama'a. Na miƙa yatsa na taɓa rigar gorar kawai, na ji ta da ɗan sanyi, na ce a raina ai akwai ruwa. Tambayoyin uku kuwa ban yi ko ɗaya ba. Na buɗe littafina na sa masa alama kamar kowa. Sannan na taka zuwa gaban Malam, na ƙame, na ce, "Malam, an duba kowa."

Ya ce, "Kowa da kowa?"

Na ce, "Kowa da kowa, Malam."

Ya gyaɗa kai ya wuce. Bai sake dubawa ba, domin ni ne.

Rukuni huɗu ne, ana barin tazara tsakaninsu. Malam yana tare da na gaba, inda ƙananan yara suke, namu ne na ƙarshe saboda mu ne manya. Ni da abokina aka haɗa abokan tafiya. Da hantsi abin gwanin daɗi, muna waƙa, yana gaba yana tsokanar kowa. Duk inda aka tsaya hutu ni nake ba da umarnin a sha ruwa, kuma na ga ya ɗaga gorarsa ya kafa a baki kamar kowa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta buɗe. Gonaki duk an share su ana jiran ruwa, babu inuwa sai ta itatuwa jefi-jefi, ƙasa kuma tana ratso takalmi da zafi. A nan na lura ya daina magana. Daga baya na ga yana jan sandarsa maimakon dogara ta. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce kansa ne ke ɗan sarawa. Rigunanmu duk sun jiƙe sharkaf, shi kuwa goshinsa a bushe. Malam ya koya mana ma'anar wannan alama, na ma rubuta ta a littafina, amma a lokacin sai na ce a raina ai shi ya saba.

A nan ne muka saɓa da shi. Shi ya ce zama ya yi da kansa. Ni abin da na gani, ya yi taku biyu a karkace, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya kife a kan kunyar gona. Na kira shi bai amsa ba. Na taɓa wuyansa, zafi rau.

Ba zan ce na yi jarumta ba. Na tsaya ne kawai ina kallonsa, sai da wani yaro ya girgiza ni ya ce, "Sufeto, usur." Na busa sau uku, na dakata, na sake busawa sau uku, kamar yadda aka koya mana in akwai haɗari. Daga can nesa muka ji rukunin da ke gabanmu sun amsa, sun kuma miƙa wa na gabansu. Muka ciccibe shi zuwa gindin wata tsamiya, muka cire masa hula da takalmi, muka ɓalle maɓallan rigarsa, muka ɗora ƙafafunsa a kan jaka. Na fizgo gorarsa don in zuba masa ruwa a jiki. Tun kafin in buɗe na san abin da na aikata, domin ta taso a hannuna ba nauyi ko kaɗan. Na kifa ta, ko ɗigo babu. Rigar gorar kawai ya jiƙa da safe.

Namu gorunan sun kusa ƙarewa, saboda mun dogara da rijiyar da ke gaba, inda aka tsara za mu cika. Aka haɗa abin da ya rage, bai kai kofi biyu ba. A nan na tuna da robar mahaifiyata. Na zazzage jakata a ƙasa, ta gangaro, tsummanta bai gama bushewa ba. Muka kwance hankitanmu muka jiƙa, muka sa masa a wuya da hammata da goshi, muka yayyafa masa a ƙirji, yara biyu suna masa fifita da huluna. Ban ba shi a baki ba, domin an gargaɗe mu kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa. Wannan kaɗai na yi daidai ba tare da an tuna mini ba.

Wani dattijo da ke sassabe a gonar kusa ya ji usur ya taho, da gatarinsa a kafaɗa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya tsuguna ya cire malafarsa ya shiga fifita. Can sai abokina ya buɗe ido. Na zuba ruwa a murfin gora, na jefa gishiri da sukari gwargwadon yadda aka nuna mana, na kai bakinsa. Ya kau da kai.

Da ƙyar ya ce, "Azumi nake."

Muka dubi juna. Na ce, "Wane azumi? Ai ba a ga wata ba."

"Ramuwa. Na bara, da na yi zazzaɓi. In na sha, kwanakin ba za su ishe ni ba."

Na roƙe shi, ya rufe baki gam. Na ce masa doka ce, ya rufe ido. Sai dattijon ya karɓi murfin, ya matsa kusa da kunnensa.

Ya ce, "Ɗana, kana jina? Wa kake yi wa azumin?"

"Allah."

"To, shi ne ya ba ka ran nan amana, bai ce ka yar da shi a gonata ba. Matafiyi ne kai, kuma ga halin da kake ciki. Shan nan shi ne biyayya, ƙin sha shi ne laifi. In kwanaki sun gaza, malamai suna nan, ka tambaye su abin yi bayan salla. Ni na haifi kamarka, na kuma yi jika da kamarka. Buɗe bakinka."

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido, sannan ya buɗe. Dattijon ya dinga ba shi kaɗan-kaɗan, yana cewa, "Yauwa. Sannu. Ƙara."

Muna cikin haka Malam ya iso a guje. Ban taɓa ganin yana gudu ba sai ran nan. Ya taɓa jikinsa, ya tambaye shi sunansa da inda yake, ya ji amsar tana ɗan rikicewa, sai ya ce asibiti za a kai shi. Aka tuɓe riga uku, aka ɓalla maɓallansu, aka zura sanda biyu ta hannayen rigunan, nan take gadon ɗaukar mara lafiya ya samu. Sau nawa muka yi wannan atisaye a filin makaranta muna wasa, muna jefar da juna? Mu huɗu muka ɗauka, muna canji, dattijon yana gaba yana nuna mana yanke zuwa bakin hanya. Aka tare mai babur, Malam ya riƙe shi a tsakiya, suka tafi. A asibiti aka ƙara masa ruwa, ya kwana ɗaya. Ma'aikacin da ya duba shi ya gaya wa Malam cewa sanyaya jikin da aka yi da wuri ne ya taimake shi. Wannan daga bakin Malam na ji, ban ji da kunnena ba.

Dattijon bai tsaya an yi masa godiya yadda ta kamata ba. Da babur ya tashi ya ce mana Allah ya sawwaƙe, ya koma sassabensa. Har yau ban san sunansa ba.

Ranar Litinin na sami Malam a ofishin malamai. Kwana biyu ban iya cin abinci sosai ba. Na ajiye littafina da usur a kan teburinsa.

Na ce, "Malam, ban ɗaga gorarsa ba, ban kuma tambaye shi komai ba. Na ce maka an duba kowa, ba haka ba ne."

Ya ce, "Na sani. Tun da na ga gorar na sani. Jira nake in ga ko za ka zo."

Na sunkuyar da kai.

"Me ya hana ka?"

"Ya girme ni, Malam. Na ji nauyinsa."

Ya daɗe yana juya usur ɗin a hannunsa. Sannan ya ce, "Tarbiyyar gidanku ce, kuma mai kyau ce, ba zan ce ka yar da ita ba. Amma ka duba wanda kunyar ta amfana ran nan. Kai ta fitar daga dariyar yara, shi kuwa ta bar shi da gora babu ruwa. Ni ma da nawa laifin. Na ɗora wa ƙarami duba babba, ban tsaya a bayansa ba, kuma na bar rukunin ƙarshe babu malami." Ya turo mini kayana. "Ɗauki. Kai ne mai duba har ka gama makaranta. Yanzu ka san nauyin gora."

Na zaci a nan maganar ta ƙare. Amma ranar atisaye na gaba, da na gama bin layi, sai Malam ya shigo ya tsaya a ƙarshe kamar ɗalibi, ya miƙo mini gorarsa. Na karɓa da hannu biyu na jijjiga. Ya ce, "Saura tambayoyin." Na tambayi malamina ko ya karya kumallo, ko akwai inda ke masa ciwo, ko yana azumi. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ba murmushi. Daga ranar kullum shi ake fara dubawa, kuma ba a sake samun wanda ya ce ya fi ƙarfin a ɗaga gorarsa ba. Ya kuma ce duk wanda ke da uzurin da ba ya son faɗa a gaban jama'a ya same shi shi kaɗai, domin abokina ya gaya masa abin da ya sa ya ɓoye: tsoron rasa lambar, da tsoron yara su riƙa ce masa mai ramuwa.

Abokina bai sami lambar ba, bai je zangon ba. Wannan ya yi masa ciwo, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Mun yi kusan wata guda muna gaisawa sama-sama, kowa yana jin kunyar ɗan'uwansa. Mahaifiyata ce ta warware abin. Ta aika aka kira shi, ta zuba mana abinci a kwano ɗaya, ta ce, "Ku ci. Ɗaya ya ƙi shan ruwa, ɗaya ya ƙi ɗaukar ruwa, ban san wanda ya fi wani wayo ba."

Yanzu na gama jami'a, kuma in ina gida nakan je in taya matasan unguwarmu atisaye. Idan na tuna ran nan, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda na tsananta a kan igiyar da ta gaza taki ɗaya, na kuma sassauta a wuri guda da rai ya rataya a kai, saboda a nan ne tsanantawar za ta sa ni jin kunya. Abin da ya cece mu kuwa duk abubuwan da na raina ne: robar da na ɓoye a ƙasan jaka, da hankicin da na ɗauka ado, da atisayen da muke yi da wasa. Ina gode wa Allah, ina gode wa mahaifiyata, da dattijon da ya bar aikinsa saboda ɗan wani, da malamin da ya karɓi rabonsa na laifi a gaban yaro alhali ba wanda ya tilasta shi. Na ziyarci Malam bara, ya yi ritaya. Da na ɗauko zancen sai ya ce shi abin da yake tunawa shi ne na zo da ƙafata ranar Litinin.

Abokina yana Kabo, yana noma, ya yi aure har da 'ya'ya biyu. Da na kira shi saboda wannan rubutu, ya ce in rubuta komai, amma lallai in sa cewa zama ya yi, ba faɗuwa ba. Na sa. Duk ranar da na je gidansa, kafin mu gama gaisawa zai shiga ciki ya fito da tsohuwar gorar nan, rigarta ta koɗe, ya miƙo mini ya ce, "Sufeto, ɗaga ka ji." Nakan ɗaga, in jijjiga, in dube shi in yi masa tambayoyin nan uku. Sai ya amsa duka sannan muke zama.